Jirgi a Cikin Kwali

Daga Gummi zuwa bakin teku mafi kusa tafiya ce ta fiye da kilomita 600, kuma Gulbin Zamfara da ya bi ta gefen garin bai san jirgi mai dogayen jigogi da ƙyallayen kama iska ba. Don haka mai karatu yana da hujja idan ya ce: ina ruwanmu da ɗan jirgin roba da ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, wanda dattawan Turai ke shafe watanni suna harhaɗawa a kan tebur? A ido, wasan yara ne da manya suka ƙwace. Sai dai wasan ya kai shekara 4,000 ana yin sa, kuma a mafi yawan wannan zamani ɗan ƙaramin jirgi kayan aiki ne. Da shi ake adana yadda aka gina babban, da shi ake kafa hujja a gaban masu mulki, da shi kuma ake gane nauyin da jirgi zai ɗauka kafin a zuba masa mutane. Amfani na ukun nan shi ne ya fi shafar mutumin bakin gulbi.

Jirgin roba kansa ɗan bana-bakwai ne. Wani Bahangare mai suna Nicholas Kove ya kafa kamfanin Airfix a Landan a 1939, yana yin kayan wasan yara na roba da ake hura wa iska, daga baya ya koma yin mashatan kai. Dabarar yin mashaci ita ce ta haifi komai: a narkar da roba, a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, ta daskare da siffar da ake so, kamar dai yadda masu zubin tukunya ke yi da narkakken ƙarfe. A 1949 kamfanin ya yi ɗan samfurin motar noma ta Ferguson, aka kuma lura cewa sayar da shi a wargaje ya fi arha, mai saye ya haɗa abinsa. A farkon shekarun 1950 sai ga jirgin Golden Hind a kantunan Woolworths, cikin leda, a kan sule biyu, wato fataka. Daga nan kasuwa ta buɗe. Kamfanin Revell na Amurka ya fitar da jirgin Cutty Sark a 1959, Heller na Faransa kuma ya fitar da jirgin yaƙi na Victory mai gutsattsari fiye da 2,000.

Idan aka buɗe kwalin, abin da za a tarar shi ne gutsattsarin jirgi manne da wasu rassan roba, kowanne da lambarsa, da takardar bayani, da ƙullin zare kala biyu. Gangar jirgin rabi biyu ce, dama da hagu. Gam ɗin da ake haɗa su da shi narkar da fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama abu ɗaya, tamkar walda, shi ya sa ɗigo ɗaya da ya faɗa inda bai kamata ba yake barin tabon da ba ya gogewa. Ana fentin ciki kafin a rufe, domin bayan an rufe buroshi ba zai kai ba. Duk wannan mai haƙuri zai gama shi a 'yan makonni. Inda ake raba yaro da babba shi ne wurin ɗaurin igiyoyi.

Igiyoyin jirgin iska iri biyu ne. Akwai tsayayyu, waɗanda aikinsu riƙe jigo kada ya faɗi, kamar wayoyin da ke riƙe dogon ƙarfen gidan rediyo. A babban jirgi ana shafe su da kwalta don kada ruwan gishiri ya ci su, saboda haka a ƙaramin ana yin su da baƙin zare. Akwai kuma igiyoyin aiki, waɗanda matuƙa ke ja da sassautawa don ɗaga ƙyalle, ko juya shi ya fuskanci iska, ko naɗe shi idan hadari ya taso. Su ba a shafa musu kwalta, don haka zarensu ruwan ƙasa ne. Mai haɗawa yakan ja kowane zare a kan kakin zuma don gashinsa ya kwanta, kuma laimar damina kada ta sa ya saki. Yana farawa daga tsakiyar jirgi ya yo waje, daga ƙasa ya yi sama, in ba haka ba igiyoyin da ya riga ya ɗaura za su tare wa hannunsa hanya. Sannan ga tsanin igiya da matuƙa ke takawa su hau jigo: kowace mahaɗa ƙulli ce, ɗaruruwansu, da hantsaki ake yin su. Jigon roba kuwa ba ya yafiya. Ka ja zaren dama ya ɗara na hagu da ɗan kaɗan, gobe da safe ka tarar jigon ya karkace kamar rake. Bayanan Cutty Sark sun nuna igiyoyinsa sun kai mil 11, kusan kilomita 18. Samfurin Revell an yi shi a ma'aunin 1:96, wato kowace santimita ɗaya a jikinsa tana madadin santimita 96 a jikin na gaske. Wanda ya ce sai ya ɗaura kowace igiya, zaren da zai bi ta hannunsa ya haura mita 180, a kan abin da tsawonsa bai cika mita ɗaya ba.

Wanda ya gama wannan aiki ya san abin da karatu ba zai ba shi ba. Ya san dalilin kowace igiya, ya san wadda idan ta tsinke jigo zai bi ta. Yaran da suka taso suna ƙera motar kara a Gummi da Anka sun san wannan sirri ba tare da takardar bayani ba: ba ka fahimtar yadda ƙafar mota ke juyawa sai ranar da taka ta ƙi juyawa.

Babu wanda ya tabbatar da haka kamar wani Bamisire, Alhaji Ahmed Yusuf, wanda ya gamu da kwali mafi girma a tarihi. A 1954 Kamal el-Mallakh ya gano wani rami a kudancin babbar dalar Giza, an rufe shi da manyan duwatsu. A ciki akwai jirgin Fir'auna Khufu, wanda ya yi mulki kimanin shekara 4,500 da suka wuce, an kwance shi an jera a tsanake, gutsure 1,224, mafi yawansu itacen al'ul na Labanan. Babu zane, babu takarda. Ahmed Yusuf gwani ne wajen gyaran kayan tarihi amma bai taɓa gina jirgi ba, sai ya koma ɗalibi a wurin masu ƙera jirage na bakin Nilu, yana kallon hannuwansu. Ya sassaƙa ƙananan samfurori yana gwada haɗuwar katakan a kansu kafin ya taɓa na ainihi, domin katakon da ya shekara dubbai ba ya jure a yi ta juya shi. A hankali aka gane cewa maginan farko sun bar alamomi a jikin katakan, masu nuna wane na gaba ne, wane na baya, wane na dama, wane na hagu. Ashe su ma sun sa lamba. Aikin ya ci fiye da shekara 10, aka haɗa aka kwance ba sau ɗaya ba, har jirgi mai tsawon mita 43 ya tsaya. Gangarsa ba ƙusa ce ta riƙe ta ba. Ɗinke ta aka yi da igiya ta cikin ramukan da aka huda a katako, ta yadda idan itace ya sha ruwa ya kumbura, igiya ta ɗaure, kafa ta toshe. Mai karatu ya riƙe wannan ɗinki, za mu sake gamuwa da shi a Kogin Kwara.

Misirawan sun bar ƙananan jirage ma. A kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, kusa da Luxor, wanda Herbert Winlock ya buɗe a 1920, an samu jerin jiragen katako da matuƙansu, wasu da ƙyalle a ɗage don tafiya kudu da iska, wasu da jigo a kwance ana tuƙi don gangarowa arewa da ruwa. Kaso mai yawa na abin da masana suka sani game da ɗaurin igiyar jiragen Nilu na wancan zamani daga irin waɗannan 'yan jirage aka koye shi. Ingila ma ta bi wannan hanya a ƙarni na 17 da na 18, inda maginan jiragen yaƙi ke yin samfuri, galibi a ma'aunin 1:48, sukan bar cikinsa a buɗe don a ga haƙarƙarinsa. Yawancin jiragen sun nutse ko an farfasa su an yi makamashi. Ƙananan suna nan a gidan tarihin Greenwich.

Amma ɗan jirgin da ya fi kowanne aiki, a ganina, shi ne na Brookes. Brookes jirgin bayi ne na Liverpool da aka gina a farkon shekarun 1780. A 1788 majalisar Birtaniya ta yi dokar ƙayyade yawan bayin da jirgi zai ɗauka gwargwadon girmansa, aka yanke wa Brookes mutum 454. A wannan shekarar masu adawa da cinikin bayi a Plymouth suka buga zanen cikinsa, na Landan suka sake buga shi da ƙarin bayani a 1789. Zanen ya nuna mutanen a kwance, kafaɗa da kafaɗa, kowane namiji an ba shi wuri mai tsawon ƙafa 6 da faɗin inci 16. Abin da ya girgiza masu kallo shi ne cewa wannan cunkoso shi ne wanda doka ta halatta. Kafin dokar, jirgin ya taɓa ɗaukar mutum 609. Thomas Clarkson ya sa aka sassaƙa samfurinsa da katako, aka manna hotunan mutanen a kan benayensa, William Wilberforce ya shiga da shi zauren majalisa. 'Yan majalisar sun sha jin alƙaluma, alƙaluma kuwa ba sa hana barci. Abin da za ka ɗauka a hannu ka leƙa cikinsa daban ne. Ba samfurin kaɗai ya kawo dokar haramta cinikin ta 1807 ba, an yi shekara kusan 20 ana fafatawa, kuma tawayen bayi a Haiti ya yi nasa aikin. Amma yana nan har yau a gidan Wilberforce da ke Hull, a matsayin shaida.

Wannan labari bai yi nisa da mu kamar yadda ake zato ba. A shekarun yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804, an kama Hausawa da yawa, daga kowane ɓangare na faɗan, aka gangara da su kudu hannu zuwa hannu har bakin teku, aka tsallaka da su Bahia ta ƙasar Birazil a cikin jirage irin wannan. Hannun farko da ya sayar da su sau da yawa na gida ne, wannan kuma magana ce da ba mu cika son yi ba. A 1807 hukumomin birnin Salvador suka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa, kuma bisa rahoton hukumomin, cikin shirin har da ƙwace jirage a tasha don komawa gida. Shi kuwa Golden Hind da aka sayar wa yaran Ingila a kan fataka, jirgin Francis Drake ne, wanda kafin ya zagaya duniya tsakanin 1577 da 1580 ya bi ɗan'uwansa John Hawkins farautar bayi a gaɓar Afirka ta Yamma. Takardar cikin leda ba wurin irin wannan bayani ba ce. Kamfani yana zuba abin da masu saye ke alfahari da shi ne, shi ya sa kundinsu ya cika da jiragen yaƙi da na tseren ganyen shayi.

A kundin nan ba za ka ga jirgin Kwara ba, alhali Kwara ta ɗauki jirage masu tarihi. Sonni Ali, wanda ya mulki Songhai daga 1464 zuwa 1492, da rundunar jiragen ruwa ya ci Jenne, kuma matuƙansa su ne Sorko, waɗanda jikokinsu muke kira Sarkawa a Kabi da Yawuri. A 1828 Bafaranshe René Caillié ya bi wani babban jirgin fatake daga wajen Jenne zuwa Kabara, tashar Tumbutu, ya bayyana cewa katakansa ɗinke suke da igiya, kuma dare da rana akwai masu kwashe ruwan da ke tsattsafowa. Ɗinkin Khufu ke nan, a wani kogin, bayan shekara fiye da 4,000. Can gabas kuma, a Dufuna ta Jihar Yobe, wani makiyayi mai suna Malam Ya'u yana haƙar rijiya a 1987 ya ci karo da kwalekwale mai tsawon mita 8.4, wanda gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Shi ne mafi tsufa da aka samu a Afirka, ya girmi jirgin Khufu da shekara dubbai, yana ajiye a Damaturu.

Jirgi ɗaya mai sunan Turawa da ya ratsa kusa da mu a farkon ƙarni na 19 shi ma haɗe-haɗe ne. A ƙarshen 1805 Mungo Park ya isa Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yau, bayan zazzaɓi ya cinye mafi yawan mutanensa. Abin da ya samu daga Sarkin Segu kwalekwale ne da rabinsa ya ruɓe. Shi da wani soja guda suka shafe kwana 18 suna cire ruɓaɓɓen katako suna haɗa mai kyau da rabin wani kwalekwalen, har suka fitar da jirgi mai tsawon ƙafa 40, faɗin ƙafa 6, mai shimfiɗaɗɗen gindi, wanda ƙafa ɗaya kawai yake nutsewa idan an yi masa lodi. Park ya raɗa masa suna Joliba, sunan kogin a bakin Mandinka, ya kuma kira shi jirgin Sarkin Ingila. Da shi ya yi tafiyar kusan kilomita 1,600, ya wuce Tumbutu, ya wuce mahaɗar da ruwan Gulbin Zamfara ke shiga Kwara bayan ya haɗu da Gulbin Kabi, ya sauke jagoransa Amadi Fatuma a Yawuri, sannan ya halaka a duwatsun Busa a farkon 1806. Busa ta dā tana ƙarƙashin tafkin Kainji tun 1968. Abin lura shi ne, mun san tsawon Joliba da faɗinsa da zurfin nutsewarsa saboda mutumin da ya ɗinka shi ya ɗauki alƙalami ya rubuta. Dubban jiragen Sarkawa da suka fi shi inganci, waɗanda suka yi ta dakon gishiri da goro da hatsi a wannan ruwa, ma'auninsu yana cikin kan maginansu, ya bi su kabari.

Har yau haka abin yake, kuma yanzu muna biyan kuɗinsa da rayuka. Manyan itatuwan maɗaci da kawo da ake sassaƙa kwalekwale guda daga gindinsu sun yi ƙaranci, dazuzzukan da suka rage a Anka da Bukkuyum kuma ba kowa ke iya shigarsu ba. Jirgin yau na katakon kanti ne, a buga da ƙusa, a toshe kafofi da tsumma da kwalta, wani lokaci a ɗaura masa inji a baya. Siffa ta sauya, kaya sun sauya, nauyi ya sauya, amma lissafin lodi yana nan a ido da kintace. A watan Mayu na 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja zuwa Wara ta Jihar Kabi ya dare a tsakiyar ruwa da mutum fiye da 150. A watan Satumba na 2024, bayan ambaliyar da ta ci gidaje a Gummi, jirgin da ke tsallakar da manoma zuwa gonakinsu ya kife kusa da garin, rahotanni suka ce fiye da mutum 40 sun rasu, Allah Ya jiƙansu. Wasu rahotannin sun ce mutum 50 da 'yan kai ne a ciki, wasu suka ce 70. Kowa ya ce lodi ya yi yawa. To, ya yi yawa a kan nawa? Brookes, jirgin zalunci, yana da lamba a takarda tun 1788. Jirgin da ke kai manomi gonarsa ba shi da ita.

Turawa ma ba da wannan lamba aka haife su ba. Sai da Samuel Plimsoll ya yi shekaru yana hayaniya a majalisa kan jiragen da masu su ke cika wa kaya su nutse da matuƙa, kafin dokar 1876 ta tilasta zana layin lodi a jikin jirgi. A daidai wannan zamani William Froude ya gina dogon kududdufin gwaji a Torquay, yana jan ƙananan samfurori a ciki, ya nuna cewa ɗan jirgi zai iya faɗin halin babba idan an kiyaye lissafi. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wadda hedikwatarta ke Lokoja, ba ta da ma'aikatan da za su tsaya a kowace mashaya, kuma ba na jin za ta taɓa samun su. Wanda ke mashaya kullum shi ne Sarkin Ruwa da magini da matuƙi.

Ɓangaren lissafin da ya shafi lodi bai fi ƙarfin ɗan sakandare ba. A ɗauki jirgi mai tsawon mita 12. A je wurin maginin da awo, a auna tsawo, da faɗi a wurare da dama, da zurfi, da kaurin katako. A ma'aunin 1:20 samfurinsa zai zama santimita 60, abin da zai shiga baho. Tsawo ya ragu sau 20, nauyi kuwa sau 20 cikin 20 cikin 20 yake raguwa, wato sau 8,000, kuma dole nauyin samfurin kansa ya bi wannan ƙa'ida. Mutum mai kilo 60 zai koma giram 7.5, tsayinsa santimita 8 da rabi. Buhun gero mai kilo 100 zai koma giram 12.5. A yi 'yan mutanen da tsayinsu da nauyinsu daidai, domin mutum 10 a tsaye sun fi mutum 10 a zaune saurin kifar da jirgi, kuma wannan a baho ma yana nunawa: ka tura su gefe guda, kamar yadda fasinjoji ke yi idan suka firgita, ka ga bakin jirgi ya sha ruwa. Baho ba zai nuna ƙarfin igiyar ruwan Agusta ba, ba zai nuna katakon da ya ruɓe daga ciki ba. Waɗannan sai idon magini da na Sarkin Ruwa, kuma saboda su ne ake barin rara mai yawa tsakanin ruwa da bakin jirgi. Su za su nuna inda layin zai tsaya a jikin samfurin. Daga nan sai a riƙa saka 'yan mutanen ɗaya bayan ɗaya, da buhunansu da baburansu, ana ƙirgawa da ƙarfi a gaban matuƙa har ruwa ya taɓa layin. Lambar da aka tsaya a kanta ita za a rubuta da jan fenti a goshin babban jirgin, da boko da ajami.